Natsuwar Tsauni da Kiran Allah: Yadda Wata Malamar Makaranta Ta Tantance Kiranta na Zama Sista

## Asalin lamarin

Wadda wannan nazari ya shafa 'yar Katolika ce, malamar ilimin halittu a wata makarantar sakandare, tana da shekara 26 sa'ad da abin ya faro. An sakaya sunanta da sunayen gidajen da ta zauna. Bayanin ya fito ne daga littafin da take rubuta addu'arta a ciki, da kuma abin da sistar da ta yi mata jagora ta faɗa, da yardarsu su biyun. Sista a nan ita ce macen da ta keɓe rayuwarta ga bautar Allah a Ikilisiya, ba ta aure. An ƙirga lokaci da watanni, daga ranar da abin ya fara.

A cikin Ikilisiya ta tashi. An yi mata baftisma tana jaririya, ba ta fashin Misa ranar Lahadi, tana cikin mawaƙan cocinsu. Sai dai ita da bakinta ta ce addu'a ta daɗe da zama mata abin baki kawai. Mahaifinta ya rasu shekara 2 kafin wannan lokaci, bayan jinyar wata 11 da yawancinta a kanta ta faɗa. Aji 6 take koyarwa, kowanne ya haura ɗalibai 50. Akwai sauran bashin karatu a wuyanta. Akwai kuma wani saurayi da suka yi nisa da maganar aure, ko da yake ba a sa rana ba.

## Wata 1 zuwa 8: abin da ta samu a kan tsauni

Neman ganye da ƙwari na darasi ne ya fara kai ta wani tsauni a bayan gari, tafiyar minti 40 a ƙafa. Wata Asabar da safe, bayan an ɗauke ruwa, ta zauna a kan wani falalen dutse tana jiran takalmanta su sha iska. Kafin ta ankara awa 2 ta wuce. Abin da ta rubuta a daren nan gajere ne: ta ji akwai Mai riƙe da duk abin da idonta ya gani, kuma ya san da zamanta. Ta yi kuka, karo na farko tun da aka binne mahaifinta.

Daga nan duk Asabar tana can. Ta riƙa tafiya da Littafi Mai Tsarki, tana karanta Zabura 19, wadda ta buɗe da cewa sammai suna bayyana ɗaukakar Allah, da Zabura 104 mai lissafa maɓuɓɓugan ruwa da tsuntsaye da namun jeji. Iliminta bai tsaya mata a hanya ba. Wadda ta san yadda ganye ke mai da hasken rana abinci ta fi kowa samun abin mamaki a cikin ganye ɗaya.

Ikilisiyar Katolika ba ta ɗaukar irin wannan a matsayin ruɗu. Bulus ya rubuta wa Romawa (1:20) cewa ikon Allah madawwami yana bayyana ta wurin abubuwan da ya halitta, kuma Majalisar Batikan ta Farko, babban taron shugabannin Ikilisiya, a 1870 ta tabbatar cewa hankalin ɗan adam na iya sanin Allah daga halittunsa.

A wata na 5 wani tunani ya shigo mata: in awa 2 tana da wannan daɗi, yaya rayuwa gaba ɗaya za ta kasance a wurin da babu komai sai shiru da addu'a da itatuwa? Ba ta gaya wa kowa ba. Zuwa wata na 8 ta daina zuwa koyon waƙa. Sau 2 ta bar Misar Lahadi ta tafi tsauni, da hujjar cewa a can ta fi yin addu'a.

## Wata 9 zuwa 14: neman alama

Yunƙurinta na farko shi ne ta yanke shawara ita kaɗai, halitta ta zama alƙali. Takan gindaya wa Allah sharaɗi: in ta ga shaho kafin rana ta take, to kiran Allah ne zuwa wannan rayuwa, in hadarin da ya haɗo ya watse, to ba kira ba ne. Littafinta ya nuna irin wannan gwaji sau 7. Huɗu sun ce i, uku sun ce a'a. Duk wanda ya ce a'a sai ta sake shi a mako na gaba.

Ta shiga intanet tana duba gidajen mata masu zaman zuhudu. Ta ware 5. Dukkansu suna karkara, da gona da kurmi a hotunansu. Ba ta karanta ƙa'idar rayuwar ko ɗaya daga cikinsu ba.

A wata na 11, da yammacin wata Asabar da ta sauko cike da farin ciki, ta sallami saurayinta ba tare da cikakken bayani ba. A wata na 12 ta yi wa Allah wa'adi a asirce cewa za ta shiga gidan zuhudu. Maimakon hankalinta ya kwanta sai barci ya ƙaurace mata, ya koma awa 4 zuwa 5 a dare.

A lokacin Azumin kwana 40 ta je furta zunubi, a nan ne maganar ta fara fita daga bakinta. Fada ya tura ta wurin wata dattijuwar sista da ta ƙware a kan hanyar Waliyyi Ignatiyus na Loyola ta tantance motsin zuciya. Suka tsara haɗuwa sau ɗaya a wata, na awa ɗaya, daga wata na 14.

A zaman farko sistar ba ta tambayi alamu ba. Ta tambayi barci, da bashi, da rasuwar mahaifi, da wanda take zama su yi hira in ta tashi daga aiki. Malamar ta gaji ta ce, "Sista, ni fa maganar kira ce ta kawo ni." Ta amsa mata, "Na ji, 'yata. Ita muke yi."

Game da wa'adin, ta nuna mata cewa Ignatiyus, a cikin darussan ruhaniya da Fafaroma Bulus na Uku ya amince da su a 1548, ya gargaɗi mai jagora ya hana wanda ke cikin zumuɗin ta'aziyya, wato daɗin da ruhu ke ji a addu'a, yin wa'adi na gaggawa. Ta mai da ita wurin Fadan cocinsu, wanda dokar Ikilisiya ta ba ikon warware wa'adi na sirri in akwai dalili, ya kuma warware mata. Amma ba ta hana ta zuwa gwada gidan zuhudun ba. Ƙa'idar Ignatiyus ce mai jagora ya tsaya a tsakiya, kada ya tura mutum zuwa wata rayuwa ko ya janye shi daga wata.

## Wata 15 zuwa 18: mako 10 a gidan zuhudu

Gidan da ya karɓe ta yana bin Ƙa'idar Waliyyi Benedik, wadda aka rubuta a Italiya a ƙarni na 6. Mata 14 ne a ciki, da gona, da kurmi a gefen katanga. Bayan wasiƙu da ziyara 2 na ƙarshen mako, aka yarda ta zauna a ciki na mako 10 a matsayin mai neman sani. Ta haɗa dogon hutun makaranta da hutu ba albashi. Tun a ƙofa aka gaya mata tsawon hanyar: bisa tsarin da Fafaroma Faransis ya fitar a 2016, tarbiyyar mai zaman zuhudu a killace ba ta gaza shekara 9 kafin alkawari na har abada, ba ta kuma wuce 12.

Ana tashi da ƙarfe 3:30 na dare. Bayan addu'ar dare akwai lokutan addu'a 7 a yini, ana rera Zabura tare, da aikin hannu na kimanin awa 5. Ƙa'idar ta ce da jin ƙararrawa a ajiye duk abin da ke hannu, ko bai ƙare ba.

Ta zo da zaton gona, sai aka sa ta a wanki da ɗakin marasa lafiya. Kurmin da ya jawo ta yana nan, ta taga take hangensa, amma killacewa na nufin ba ta da ikon sa takalmi ta shiga duk lokacin da ta ga dama. A mako na 3 ta roƙi izinin fita ita kaɗai. Aka ce ta jira tafiyar da jama'ar gidan ke yi tare sau ɗaya a mako. Ta je, ta dawo ranta a ɓace, domin ana hira a hanya kuma ana tafiya da saurin wadda ta fi kowa tsufa.

Shirun gidan ma ya bambanta da na tsauni. A tsauni babu kowa. A nan shiru ne na mutum 14 da ke cin abinci a tebur ɗaya, kowace da halinta. Wadda ke tsaye kusa da ita a wurin waƙa muryarta na kauce wa layi. Wata takan gyara mata ninkin zanen gado kullum. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Benedik ya san da haka, shi ya sa a babi na 72 ya umarci 'yan'uwa su jure raunin juna na jiki da na hali da matuƙar haƙuri. Zabura da take jin daɗinta a kan dutse ta zama mata busasshiya a cikin coci.

Abu ɗaya ne littafinta ya ambata ba da ƙorafi ba: awa ɗaya da take yi kullum tana ciyar da wata tsohuwar sista mai shanyewar ɓarin jiki. Ta rubuta shi sau da yawa, amma ba ta lissafa shi cikin abubuwan ruhaniya ba. A ganinta wannan jinya ce kawai, irin wadda ta yi wa mahaifinta.

A ƙarshen mako na 10 shugabar gidan ta kira ta. Ta gaya mata ba ta ga alamar kira zuwa wannan rayuwa ba, ko da yake ƙofa ba a kulle take ba. "'Yata, kin fi son kurminmu a kanmu," in ji ta. Ta ƙara da cewa a ɗakin marasa lafiya kaɗai ta ga fuskarta a sake. Malamar ta ce, "Na gode, Mama," ta haɗa kayanta.

## Wata 19 zuwa 24: bushewa

Ta koma tsauni ta tarar babu komai. Rani ya shiga, wuta ta cinye gefe ɗaya, ga mushen wata dabba a kusa da dutsen da take zama. Abubuwan da ta sani tun a jami'a, waɗanda ta yi shekara ɗaya da rabi tana kau da kai daga gare su, suka taso mata. Ta san zanzaro na harbin tsutsa ya shanye mata jiki, ya ajiye ta da rai a cikin gidansa na laka domin 'ya'yansa su ci. Ta san yawancin ƙwai da 'ya'yan da ake haifa a daji ba sa kaiwa girma. Ta fara tambayar kanta ko abin da ta ji a kan dutse gajiya ce kawai ta sami wurin hutawa, ita kuma ta sa masa sunan Allah.

Maganin da ta fara gwadawa shi ne ƙari: azumi sau 3 a mako, addu'o'in kwana tara ɗaya bayan ɗaya, hawan tsauni har da Laraba. Ta yi wata 2 a haka. Ta rame, fushi ya ƙaru a aji, abin da take nema bai dawo ba. A wata na 21 ta zo wa jagorarta da shawara uku a haɗe: ta ajiye aiki, ta bar garin, ta daina zancen kira gaba ɗaya.

Sistar ta tsaya a kan ƙa'ida ta biyar ta Ignatiyus: a lokacin bushewar ruhu ba a sauya shawarar da aka tsayar a lokacin haske. Ba ajiye aiki, ba ƙaura. Ta soke ƙarin azumin. Ta rage mata komai zuwa abin da za ta iya riƙewa: addu'ar minti 20 a rana, Misa ranar Lahadi, furta zunubi sau ɗaya a wata, barcin awa 7. Ta kuma tura ta wurin ƙwararriya a kan lafiyar tunani saboda rashin mahaifinta, tana cewa wannan ba aikinta ba ne. Ta yi zama 8. A can ne ta fara faɗin cewa ranar da ya rasu, tare da baƙin ciki ta ji sauƙi don jinya ta ƙare, kuma tun ranar ba ta yafe wa kanta wannan jin ba.

Zuwa wata na 24 barci ya dawo. Addu'a tana nan a bushe.

## Wata 25 zuwa 33: sabon tsari

Jagorar ba ta raba ta da halitta ba. Ta sauya yadda take zuwa wurinta.

Akwai wani ɗan fili a bayan cocinsu, da itace guda da ciyawa da shara. Nan aka ce ta zauna minti 30, sau 3 a mako, a lokaci ɗaya, ko ana ruwa ko ana rana, ko ta ji wani abu ko ba ta ji ba. Ba neman kyakkyawan wuri. A wata 9 ta ga itacen ya zubar da ganye, gara ta ci reshe ɗaya, ya sake toho, tsuntsu ya yi sheƙa, iska ta kayar da ita.

Da dare kuma, minti 15 na duba yini. An ce ta bar rubuta abin da ta ji a lokacin da abu ke faruwa, ta rubuta abin da ya bari bayan ya wuce, da inda ya tura ta. Wannan ma daga Ignatiyus ne. Sa'ad da yake jinyar ƙafarsa da aka harba a yaƙin Pamplona a 1521, ya lura tunanin suna da jarumta na yi masa daɗi a lokacin, amma ya bar shi a bushe. Tunanin bin sawun waliyyai kuwa daɗinsa na zama bayan ya wuce. Shi ma mutum ne mai kallon sama. Ya faɗa cewa a lokacin jinyar babu abin da ya fi ta'azantar da shi kamar kallon taurari, domin yana sa masa ƙwazon bauta wa Ubangiji. A kan wannan ƙarshen maganar sistar ta sa yatsa.

Asabar kuma aka raba ta: biyu a tsauni, biyu a wani gidan tsofaffi da wasu sistoci masu aikin hidima ke gudanarwa a unguwa mai cunkoso, inda babu itace ko ɗaya a tsakar gida.

An ba ta abin karantawa kaɗan, kowanne na wata guda. Waliyyi Agustin, kusa da shekara ta 400, ya ba da labarin yadda ya tambayi ƙasa da teku da iska da taurari ko su ne Allahnsa, suka ce ba su ba ne, ya nema a sama da su, shi ne ya yi su. Sai annabi Iliya a dutsen Horeb (1 Sarakuna 19). Ta san zancen iska da girgizar ƙasa da wuta da siririyar murya. Abin da ba ta taɓa lura ba shi ne muryar ta tambaye shi me yake yi a nan, sannan ta ce ya koma, da aiki a hannunsa. Sai Markus 1:35–38, inda Yesu ya fita da asuba zuwa wurin da ba kowa ya yi addu'a, da almajirai suka same shi ya ce su tafi garuruwan da ke kusa ya yi wa'azi. Sai Romawa 8:22, cewa dukan halitta tana nishi irin na mai naƙuda. Wannan ayar ta ba ta inda za ta ajiye zanzaro da tsutsa ba tare da ta rufe ido ba.

Wanda ya fi girgiza ta shi ne Faransis na Assisi. Tun tana yarinya ta san shi a matsayin waliyyin tsuntsaye, wanda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa majiɓincin masu kula da muhalli a 1979. Ba ta san cewa waƙarsa ta yabon Allah saboda rana da wata da ruwa da wuta, wajen 1225 ya tsara ta ba, yana kwance da ciwo, idanunsa sun kusa makancewa, hasken ranar da yake yabo yana yi masa zafi. Ba ta kuma san cewa a wasiyyarsa, da ya zo faɗin inda tubansa ya fara, zamansa cikin masu cutar kuturta ya ambata, inda abin da yake ƙyama ya koma masa zaƙi.

Bayan wata 6 suka zauna suka karanta littafin daga farko. Ranakun tsauni sun kasu biyu. Akwai waɗanda takan sauko ta kashe waya ta kulle ƙofa, tana jin haushin duk wanda ya ƙwanƙwasa. Akwai waɗanda takan sauko ta kira mahaifiyarta, ta duba takardun ɗalibai da haƙuri. A kan dutsen daɗinsu ɗaya ne, ba ta iya bambanta su. Sai da yamma suke rabuwa. Ranakun gidan tsofaffi kuwa babu daɗi a cikinsu, gajiya ce da wari da tsofaffi masu mita, amma natsuwar da suke bari takan kai Talata.

A wata na 30 ta kai ɗalibai 12 tsaunin, karo na farko da ta hau da wani. Sun yi surutu, ɗaya ya zame ya kuje gwiwa. Ta rubuta cewa ta yi addu'a a ranar fiye da yadda ta yi a watanni. A wata na 32 ta nemi tsohon saurayinta ta ba shi haƙuri a kan yadda ta rabu da shi. Ya saurara, ya ce ya ji, bai ƙara komai ba. Ta koma cikin mawaƙa.

## Wata na 34: keɓewar kwana 8

Ta shiga keɓewar addu'a ta shiru da hanyoyi 3 a gabanta: aure, zama malama ba aure, ko shiga ƙungiyar sistocin da ke da gidan tsofaffin, waɗanda suke da makarantu kuma. Da yake zuciyarta a kwance take, ba zumuɗi ba bushewa, aka bi hanyar da Ignatiyus ya tanada don irin wannan lokaci: a rubuta amfani da illar kowace hanya, a yi tunanin shawarar da za ka ba baƙon da ke cikin halinka, a yi tunanin abin da za ka so a ce ka zaɓa ranar mutuwarka.

A rana ta 6 aka ba ta bimbini na ƙarshe a cikin darussan, wanda ya fara da cewa ƙauna a aiki take bayyana fiye da a baki, ya kuma sa mutum ya dubi yadda Allah ke zaune cikin halittu yana aiki a cikinsu dominsa. Abin da ta rubuta shi ne: Wanda ta sadu da shi a kan dutse aiki ta tarar yana yi, kuma hannu yake nema. Babu hawaye a wannan karo. Ta zaɓi hanya ta uku. Jagorar ta ce a jira wata 3 a ga ko shawarar za ta tsaya.

Ta tsaya. Mahaifiyarta ta ƙi amincewa da farko, tana tsoron ta rasa 'ya bayan ta rasa miji. Sai da ta ziyarci gidan sistocin sau 2 kafin ta sassauta.

## Wata 38 zuwa 76: shiga da alkawarin farko

Ta rubuta takardar nema a wata na 38. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ya hana karɓar wanda bashin da ba zai iya biya ba ya yi masa katutu (doka ta 644), don haka ta ci gaba da koyarwa har ta gama biya a wata na 41. An duba lafiyar jikinta da ta tunaninta, kamar yadda doka ta 642 ta ba dama, ta kawo takardun baftisma da na tabbatarwa. Ta shiga a wata na 43 a matsayin mai neman shiga, ta yi wata 9. Daga wata na 52 ta fara zangon koyo na shekara 2. Doka ta ce kada ya gaza wata 12, kada ya wuce shekara 2, kuma mai koyo na da 'yancin fita duk lokacin da ta so.

Gidan koyon yana tsakiyar birni, tsakar gidansa siminti. A wata na 58 tsohuwar kewar ta dawo da ƙarfi, har ta fara tunanin ta yi kuskure. A cikin mako guda ta gaya wa sistar da ke kula da masu koyo. Ba a yi wani babban abu ba: aka ba ta kula da tukwanen shuka, aka ce ta riƙe tsarin yini kada ta yanke komai. Abin ya ɗauki mako 6 ya lafa.

A wata na 76, tana da shekara 32, ta ɗauki alkawarin talauci da rashin aure da biyayya na wucin gadi. Tana koyar da ilimin halittu a makarantar ƙungiyar. Rana ɗaya a wata, ranar keɓewa, takan fita bayan gari.

## Nazari

A ganina abin da ta samu a kan dutse gaskiya ne, kuma abin lura ne cewa babu ko ɗaya cikin waɗanda suka yi mata jagora da ya ƙaryata shi, har da shugabar da ta sallame ta. Ya amsa mata tambayar ko Allah yana nan kuma ya san da ita, a lokacin da coci da waƙa suka kasa isa zuciyarta. Matsalar ta faro ne da ta ɗora masa wata tambaya dabam, wato wace rayuwa za ta yi. Tsauni bai san bambancin gidan zuhudu da aure ba. Natsuwar da yake bayarwa ɗaya ce ga mai kira da mai gudu, kuma a wannan mata su biyun suna tare: akwai kira na gaske, akwai makoki da ba a yi ba, akwai gajiyar aji 6. Muddin suna cuɗe, duk abin da ya yi mata alkawarin rabuwa da mutane sai ya yi kama da muryar Allah.

Neman alama ya gaza don ta ba shaho da hadari aikin da hankali da shawara ya kamata su yi, ta kuma riƙa maimaita gwajin har ya faɗi abin da take so. Ɓoyewar wata 9 ta fi wannan illa. Da ta yi magana tun a wata na 5, da wuya a ce ta sallami mutumin da ke shirin aurenta a yammaci ɗaya. Shi ne ya biya farashi mafi tsada a cikin wannan lamari, kuma haƙurin da aka ba shi bayan wata 21 bai mayar masa da komai ba. Ina ganin masu jagorar kira sukan yi saurin wuce irin waɗannan mutane.

Zaman gidan zuhudu bai kai ta inda ta nufa ba, amma ban ɗauke shi asara ba, kuma jagorar ta yi daidai da ta bar ta ta je. Da an hana ta, da har yau tana kewar wurin da ba ta sani ba. Mako 10 ya nuna mata abin da gardama ba za ta nuna ba, ya kuma fito da shaidar farko ta ainihin kiranta, awar nan ta ciyar da tsohuwa, wadda wata ce ta gani kafin ita. Benedik ya ce a duba ko mai shigowa Allah yake nema da gaske, kuma jama'ar da za ta karɓe shi ce ke dubawa. Kira a Ikilisiyar Katolika bai kammala da jin mutum ɗaya ba.

Abin da ya yi aiki shi ne auna ta'aziyya da abin da ta haifar. Itacen bayan coci ya raba ta da zaɓen kyawawan ranaku, ya koya mata zama da halitta a dukan halinta, wanda shi ne irin zaman da alkawari ke nema da mutane. Raba Asabar ya ba littafin abu biyu da za a gwada da juna. Ba don haka ba, da babu abin aunawa. Kuma ba na jin ɗaya daga cikin waɗannan zai yi tasiri da ba a fara gyara barci da makoki ba.

Wata mai irin wannan ji a kan tsauni, in aka bi da ita ta wannan hanya, tana iya ƙarewa a gidan zuhudu ko a ɗakin aure, kuma ya zama daidai. Ita kanta wannan malama ba ta kai ƙarshe ba. Alkawarin wucin gadi ba ya gaza shekara 3, yana iya kaiwa 6, a wani hali har 9, don haka mafi kusa da za a duba batun alkawarinta na har abada shi ne wata na 112. Mahaifiyarta tana tsufa, ɗan'uwanta ne kaɗai ke kusa da ita. Ta roƙi a tura ta ɗaya daga makarantun ƙungiyar da ke karkara. Shugabanninta sun ce a birni ake bukatarta yanzu, za a sake duba roƙon bayan shekara 2.